Mun Koma Gida, Ga Godiyarmu

Alhamdulillahi. Jiya muka kwana a ɗakinmu na Gwange a Maiduguri, karon farko tun daren nan na 10 ga Satumba, 2024 da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya ci gari. Shatin ruwa na nan a bango daidai kafaɗata, katifar ma aro ce, warin laka bai gama fita ba, amma rabona da barci irin na jiya har na manta. Ba sai na sake ba ku labari ba, kun gani da idonku, wasunku ma tare muka kwana a sansanin 'yan gudun hijira na Bakassi.

Akwai yaron da ya roƙe ni kada in kama sunansa. To ba zan kama ba, amma 'yan layinmu kun san mai tura mana kurar ruwa, wanda yanzu Inna ke kira ɗanta. A daren nan ruwa ya kawo ƙirji, ba wuta, yara biyu na hannuna, Inna kuwa ƙafa ta hana ta motsi, sai faɗi take mu tafi mu bar ta, ita ta ga ruwan 1994, wannan ya fi ƙarfinta. Wallahi na riga na fara yi mata kalmar shahada. Sai ga shi ya turo ƙofa. Bai ce uffan ba, ya durƙusa, ya goya ta, ya ce in riƙe bayan rigarsa. Haka muka yi ta lalube har inda motar sojoji take.

Bayan kwana uku ya nemo mu a sansani da burodi a leda. Na buɗe baki zan yi godiya, kuka ya ci ƙarfina. Shi kuma sai ya tsuguna gaban Inna ya ce ai shi ne ya zo godiya. Ashe lokacin yana almajiri, Inna ce ke ajiye masa tuwo kullum da dare, har akwai ranar da zazzaɓi ya kwantar da shi a zaurenmu ta saya masa magani. Ita duk ta manta. Ta ce, "Haba ɗan nan, ai ba komai." Ya ce, "Inna, don Allah kada ki ce ba komai. Shekara da shekaru ina ɗauke da ita, ki karɓa." Inna ta yi shiru, can ta dafa kansa ta ce, "Na karɓa. Allah ya yi maka albarka." Nan na ce masa to kai ma yau ba za ka ce mini yi wa kai ne ba, sai ka karɓi tawa. Ya sunkuyar da kai ya ce ya karɓa.

Ni da na saba a zo ƙofata a nema, tsayuwa a layi da kwano ta yi mini nauyi ƙwarai. Kwanakin farko ko idon mai zuba abincin ba na iya kallo. Tun daga ranar nan na koma ina ɗaga kai in ce na gode da baki, domin Manzon Allah (SAW) ya ce wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba.

Maƙwabciyata Babarbariya da ta raba zannuwanta biyu ta ba ni ɗaya, na gode. Matan Islamiyyarmu da suka kwashe laka da hannunsu, samarin kwale-kwale, Kawu da ya taso tun daga Potiskum da buhun masara, Allah ya biya ku da gidan Aljanna, ya raya muku zuri'a, ya sa kada ku taɓa ganin irin wannan dare. 'Yan uwan da har yau ko waya ba mu samu ba, wataƙila uzuri ne, Allah ya bar zumunci.

Waɗanda ruwa ya tafi da su, Allah ya jiƙansu, ya karɓi shahadarsu, ya ba iyalansu haƙuri. Waɗanda har yanzu ba su da inda za su koma, Allah ya buɗa musu ta inda ba su zata ba.

Masu tambaya, muna gida, ƙofa a buɗe take. Inna ta ce a faɗa wa ɗanta yau akwai tuwo, kada ya ci abinci a waje.