Yadda kunya ta cuce ni a sansanin 'yan kadet na sojin sama

Ƙannena da ke tasowa a Birtaniya, musamman waɗanda suka shiga kadet na sojin sama ko suke shirin shiga, wannan taku ce. Ga wanda bai sani ba, ƙungiya ce ta matasa mai suna Air Training Corps, wadda aka kafa a 1941 ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, kuma rundunar sojin saman ƙasar, wato RAF, ke ɗaukar nauyinta. Ana iya shiga daga shekara 12, a fita a shekara 20. Ba ɗaukar soja ba ne, babu wanda zai tilasta maka shiga aikin kaki daga baya. Ku kwantar wa iyaye mata hankali da wannan, don tawa sai da na yi ta rantse-rantse kafin ta sa hannu a takarda.

A dogon hutun Yuli da Agusta ake kai 'yan kadet su yi mako guda cur a cikin sansanin sojin sama na gaske. Ana haɗa ku da yaran wasu garuruwa, a raba ku rukuni-rukuni, kowane rukuni da sajansa, wanda shi ma yaro ne kamarku, igiya kawai ya fi ku. Tashi da sassafe, gyaran gado, duba ɗaki, fareti, ziyarar makanikan jirage da 'yan kwana-kwana da hasumiyar masu ba jirage umarni, harbi a filin koyon bindiga, in kuma an yi sa'ar yanayi, hawa jirgi. Guraben ba su da yawa, don haka wanda aka zaɓa ya gode Allah.

Ni na samu gurbi, amma na ɓata rabin makon da abu guda: na kasa buɗe baki. A gida an tarbiyyantar da mu cewa yaro ba ya damun babba da buƙatunsa, ba ya kallon idonsa, in aka tambaye shi ko akwai matsala ya ce babu. Tarbiyya ce mai kyau a gaban Baba. A sansanin jirage kuwa tana iya jawo abin da ya fi ƙarfinka.

Tun daga fom na fara kuskure. Akwai gurbin da ake tambayar irin abincin da kake ci da wanda ba ka ci. Na bar shi fayau, wai kada a ce na cika tsirfa. Ranar farko a ɗakin cin abinci na tarar da karin kumallon Turawa, naman alade iri biyu a jere. Na wuni a kan burodi da wake da dankali, kuma haka na ci gaba har wata hafsa ta lura da farantina. Da ta ji dalili sai ta ce da na rubuta tun farko da an tanada, don masu girkin sun saba da irin wannan. Salla ma haka na yi ta ɓuya da ita a bayan ƙofa kamar mai laifi, alhali da na tambaya sai aka nuna mini wani ɗaki shiru. Ku rubuta komai a fom, har da asma ko wani magani da kuke sha. Ku kuma tambayi malaminku hukuncin ƙasaru da haɗa salla kafin ku tafi, domin jadawalin sansani ba ya jiran kowa.

Takalmi ba zan daɗe a kansa ba. Sabon but na saya ana jibi tafiya, ya yi mini bororo a dunduniya, na yi shiru har ya fashe ya manne da safa. Ku fara sa but ɗinku makonni kafin sansani, ku riƙe safa mai kauri da filasta, da kun ji zafi ku faɗa.

Babban abin ya faru ranar hawa jirgi. Jirgin da ake ɗaukar 'yan kadet da shi, Grob Tutor, ƙarami ne mai farfela ɗaya da kujera biyu, kai da matuƙi kafaɗa da kafaɗa. Ana sa maka kayan tashi, da hular kwano, da lemar dira daga jirgi a baya, bayan an nuna maka yadda ake fita in ta ɓaci. Kafin nan sai an ce kowa ya zazzage aljihunsa tas. Dalilin ba wasa ba ne. In jirgi ya yi alkafura a sama, duk abin da ba a ɗaure ba yawo yake yi, kuma kwabo ɗaya ko murfin biro na iya maƙalewa a inda sandar tuƙi ke motsi. A ƙasa ma haka ake tsoron tarkace, shi ya sa za ku ga sojoji sun jeru suna tafiya a hankali suna tsintar tsakuwa a inda jirage ke bi. Jirgin Concorde da ya faɗi kusa da birnin Faris a watan Yulin 2000, mutum 113 suka mutu, wani siririn ƙarfe ne da ya faɗo daga wani jirgin a kan titin tashi ya fasa masa taya.

Duk na ji wannan bayani, amma na bar ɗan ƙaramin carbin da mahaifiyata ta ba ni a aljihu. Ina jin kunyar fito da shi a gaban mutane, kuma zuciyata ta fi natsuwa yana jikina. Muka tashi, matuƙin ya miƙa mini sanda na ɗan juya jirgi da hannuna, abin da har yau ban ga irinsa ba. Ya tambaye ni ko ina son alkafura, cikina na juyawa amma na ce e. Jakar amai ta yi aikinta. Shi ma ya ce da na faɗa da ya daidaita jirgin, don ba jarrabawa ake yi ba.

Bayan mun sauka mun koma masauki, na laluba aljihu, babu carbi. Na san abin da hakan ke nufi: wataƙila yana cikin jirgin, kuma wasu yara na ci gaba da hawa. Amma sai na zauna ina lissafin faɗan da za a yi mini. Sai bayan la'asar na iya tunkarar hafsan da ke kula da mu. Nan take ya ɗauki waya. Allah ya rufa asiri, a ɗakin sauya kaya aka tsince shi, ya faɗi tun kafin in hau. Hafsan bai ɗaga murya a kan carbin ba. Abin da ya tsaya a kai shi ne awannin da na yi shiru, ya sa na ƙirga masa yaran da suka tashi a bayana. Ya ce matuƙan da suka shekara talatin suna aiki su ma sukan yar da abu, kuma dokar ɗaya ce ga kowa: ka faɗa nan take, a tsayar da jirgi a bincika.

Ban ce ku zubar da ladabi ba. Ladabinmu ma yana taimako a can, don yaron da ya saba gaishe da manya ba ya shan wahalar sara wa hafsa. Amma ladabin wurin ya haɗa da ka tsaya cak, ka dubi mutum a ido, ka faɗi abin da ke akwai a taƙaice. In hafsa ya yi maka kwarjini, fara da sajan ɗin rukuninku, aikinsa ke nan ya kai maganar gaba. Carbi kuwa, ko laya, ko zobe, ku miƙa shi tare da sauran kayan aljihu, za a ajiye muku har ku sauko.