Bakin ringin da ya sa na fasa pila shida

Har yau in na ga mai lanƙwasa rodi ya kama ringi, wato ƙaramin rodin da ke zagaye manyan rodin pila yana riƙe su, sai na je na tsaya a kansa. Wani gini a Mpape da ke Abuja ne ya ja mini wannan. Mai gidan yana unguwar lokacin da ƙasa ta motsa a Satumban 2018, kuma tsoron bai sake shi ba, shi ya sa ya ce injiniya ya zana masa pilolin da za su jure girgiza. A raina na ce kuɗi ne suka yi masa yawa.

Zanen ya nuna a lanƙwashe bakin kowane ringi digiri 135, jelar ta nutse cikin kankare, tsawonta ninki goma na kaurin rodin. Na gani da idona. Amma yarana sun saba da digiri 90, ya fi sauri, ya fi sauƙin zurawa. Na kau da kai. Pila goma sha huɗu muka ɗaure, har mun zuba shida.

Ranar Asabar injiniya ya zo. Da ma faɗa ya yi, da ya fi mini sauƙi. Guntun rodi kawai ya ɗauka ya soka a bakin wani ringi, ya ɗan danna, sai ga shi ya wangale.

"Alhaji, wannan fa hannuna ne kawai," in ji shi. "In ƙasa ta girgiza, ɓawon kankaren waje ne ke fara zubewa. Daga nan me zai riƙe bakin nan? Ringi ya buɗe, manyan rodi su bankare, pila ta durƙushe."

Ya kuma kama mu da haɗin rodi a gindin pila, inda ƙarfin girgiza ke taruwa, maimakon tsakiya. Tazarar ringi kam mun yi daidai, santimita goma a saman pila da gindinta, amma wa ya yaba?

Kwana tara muna fasa kankaren da na sayi simintinsa, daga aljihuna. Abin da ke ci mini rai shi ne, lanƙwasar nan ba ta ƙara ko minti ɗaya a kan ringi.

Da aka yi girgizar Turkiyya a Fabrairun 2023, na zauna ina ƙara girman hotuna a waya, ina neman bakin ringi a cikin ɓaraguzai.