Kwana 90 na shanshera

Shekara takwas ina riƙe da makullin sito a wani kamfanin casar shinkafa a Kano. Buhun da ya sha danshi, daga warinsa nake gane shi. Amma duk ranar da manajoji suka zauna, akanta ya baje takardunsa, sai in yi tsit, don ban san inda zan sa baki ba. Abin ya daɗe yana ci mini rai, shi ya sa na nemi MBA, digiri na biyu a fannin gudanar da kasuwanci.

Da HND na fito, wato babbar difloma, don haka sai da na fara yin diflomar PGDM, ta share fagen digiri na biyu, kafin na samu gurbi a Makarantar Kasuwanci ta Dangote da ke Jami'ar Bayero. Duk mai HND ya sa wannan matakin cikin lissafinsa tun farko, na kuɗi da na lokaci. Ƙarshen mako kuwa ya zama na karatu. Ɗaurin aure da suna da dama sun wuce ni, har wata rana Hajiyarmu ta ce, "Ɗan nan, kada dai boko ya raba ka da dangi." Maganar ta zauna mini, daga nan na ware yammacin Lahadi ina zaga 'yan'uwa ko da jarrabawa na gabana.

Darussa da yawa na yi su ne don in ci jarrabawa. Ɗaya ne ya sauya mini ido, na sarrafa kuɗi. Malamin ya ce riba daban, kuɗi a hannu daban, kowa ya je ya ƙirga kwanakin da nairarsa ke yi daga ranar da ta fita zuwa ranar da ta dawo. Daren nan na ɗauko littattafan sito. Shanshera muna biyan kuɗinta nan take. Tana yin kamar kwana 60 kafin a casa a fitar. Diloli a kasuwar Singa su ɗauka bashi, sai bayan wata guda su biya. Kwana 90 ke nan kuɗin na kwance, kuma yawancinsa na banki ne. A watan Nuwamban 2024 Babban Bankin Najeriya ya kai kuɗin ruwansa kashi 27.5, namu bashin yana wajen kashi 30 a shekara. Na buga lissafi: kowace naira miliyan 100 tana cin sama da miliyan 7 kafin ta dawo. Shekara da shekaru ina kallon buhunan nan, ban taɓa ganin suna cin kuɗi ba.

Na kai wa mai kamfanin takarda shafi biyu. Na ce, "Ranka ya daɗe, mu rage kwanakin bashi, mu kuma daina tara shanshera da yawa." Alhaji ya karanta a tsanake. Ya yarda da ta farko, aka sa ɗan ragi ga mai biya cikin mako biyu. Ta biyu ya ƙi. Ya ce, "Da kaka take araha. In ka bari sai bazara, abin da za ka ƙara a kan buhu ya fi kuɗin ruwan." Gaskiyarsa ce, kuma ni da ke sito na fi kowa sanin haka, ɗokin sabon ilimi ne ya rufe mini ido. Tun daga ranar, kafin in kai shawara sama, sai na fara jin ta bakin masu sayo mana kaya a ƙauye.

Kundin bincikena a kan wannan bashin na diloli na rubuta shi, kuma ina ba duk mai aiki shawara ya zaɓi matsalar da ke gabansa a wurin aiki. Ranar da na kai takardar shaida ofis, an yi mini barka, aka sa ta a fayil. Sai da wata takwas suka wuce, bayan an ga kuɗi na dawowa da wuri, aka kira ni aka ba ni sashen saye da adana kaya.