Kashe amo ya fi tayar da shi wuya

Ranar da na fara tsayawa gaban kayan kiɗan da ake kira baibrafon, na ɗauka aikin hannu ne kawai. Ga ƙarafan alminiyam 37 a jere, ga sanduna masu kan zare, ka buga sauti ya tashi. Ban kai mako biyu ba na gane ashe ƙafata ce ke ɓata mini kiɗa.

A ƙasan kayan akwai feda. In ka taka ta, wata doguwar sanda mai lulluɓin ulu ta saki ƙarafan, amonsu ya yi ta yawo. In ka ɗage ƙafa, ta danne su, su yi tsit. Ni kuwa saboda daɗin amon, takawa nake yi in bar ƙafar a nan. Malamina ya sa na naɗi kaina a waya. Da na saurara, sai na ji sautin farko ya hau na biyu, na biyu ya hau na uku, kamar mutum goma na magana lokaci guda. Ya ce, "Ɗana, buga ƙarfe kowa ya iya. Koyi kashe shi."

Kashewar kuwa ba ta ƙafa kaɗai ba ce. Akwai wadda ake yi da sanda: feda na ƙasa, ka bugi sabon ƙarfe da hannun dama, a daidai wannan lokacin ka danna kan sandar hagu a kan tsohon ƙarfen, a hankali, har amonsa ya mutu ba tare da an ji taɓawar ba. In ka yi gaggawa, sai ƙarfen ya yi ƙas. In ka yi jinkiri, sautin biyu su cakuɗe. Gary Burton, makaɗin baibrafon da ya daɗe yana koyarwa a makarantar kiɗa ta Berklee da ke Boston, ya yi suna da wannan dabara, da kuma riƙon sanduna huɗu, biyu a gicciye cikin kowane tafi. Riƙon ya fitar mini da kanta a yatsa, amma wannan ƙaramin abu ne. Kashe amon ne ya ci mini watanni.

Da muka shiga ƙirƙirar kiɗa nan take, irin yadda ake yi a jaz, wani salon kiɗan Amurka, sai tsohuwar cutar ta dawo da wata fuska. Mai busa ƙaho dole ya tsaya ya ja numfashi. Sanda ba ta numfashi, don haka in aka ba ni fili a kiɗan buluz, wanda zagayensa gaɓa 12 ne, cika shi nake yi taf, ko ƙofar allura ba na bari. Ina jin tsoron shiru, kada a ce na rasa abin bugawa. Malam ya ce in riƙa rera abin da nake bugawa da bakina, duk inda numfashina ya ƙare, hannu ma ya tsaya. Abin mamaki, rabin abin da hannuna ya saba zubawa bakina ya kasa rera shi. Ashe ba daga kunnena yake fitowa ba, haddar yatsu ce.

A nan ne na koma sauraron Milt Jackson, wani gwanin baibrafon. Cikin bututan da ke ƙarƙashin ƙarafan akwai ƙananan fayafayai da ɗan inji ke juyawa, su ne ke sa amon yin rawa. Lionel Hampton, wanda ya naɗi kiɗa da wannan kaya tare da mai busa ƙaho Louis Armstrong tun 1930, rawar amonsa da sauri take. Jackson ya rage gudun injin, ya tsaya a sanduna biyu, yakan bugi ƙarfe ɗaya ya bar shi ya yi ta lilo kamar muryar mawaƙi. Ina son Hampton, amma Jackson ne yake taɓa ni.

Yanzu kowace safiya jimla ɗaya nake ɗauka daga faifansa, in kwashe ta da kunne, in zagaya da ita matakan sauti 12, injin a kashe don kada daɗin amo ya rufe mini kuskure. Jiya na kai na bakwai kafin sandar hagu ta yi ƙas, na koma na farko.