Zanen Dutsen Mindif da mai shayin tasha

Sana'ata rubuta allon shaguna ce a Marwa, a arewacin Kamaru: na masu aski, na masu gyaran waya, na teloli. Zanen da nake yi a kan ƙyalle kuwa, a da kasuwar masu sana'ar hannu nake kai shi, inda Turawan da ke zuwa kallon giwa da raƙumin dawa a gandun dajin Waza suke tsayawa sayen tsaraba. Tun da aka sace wasu iyalan Faransawa a wajejen Waza a watan Fabrairun 2013, ƙafar Turawa ta ɗauke, zanuka suka taru mini a ɗaki suna shan ƙura.

A cikinsu akwai na Dutsen Mindif, wanda Faransawa ke ce wa haƙori saboda tsininsa, kusan kilomita 25 daga gari. Da fentin mai na yi shi, kuma cikin hunturu. Fentin mai yakan yi kwanaki bai bushe ba, ga hazo, sai da na kafa masa gidan sauro kamar jariri. Shi ya sa na fi ƙaunarsa.

Wata rana na sa hotonsa a Facebook da WhatsApp, na ce kyauta zan ba da shi. Mai so ya gaya mini abin da dutsen ke tuna masa, wanda maganarsa ta fi shiga raina shi ne da zane. Ban sa ranar rufewa ba, ban ce komai a kan dangi ba.

Saƙo 47 na samu. Wasu da Faransanci, wasu da Hausa, da yawa da Fulatanci, tunda shi ne harshen kasuwa a nan. Waɗanda ba su iya rubutu ba suka turo murya. Rubutattun na karanta su sau biyu sau uku, na muryar kuwa ina ji ina wanke burushi da kananzir, wasu ma ban kai ƙarshensu ba. Da na fitar da biyar, duka biyar ɗin Faransanci ne mai tsafta, na ɗalibai da ma'aikata. Ana cikin haka Kawu ya kira: "Ɗan'uwanka ma fa ya shiga, ka san na gida ba a bar shi a baya." Wani Alhaji da nake yi wa allo ya aiko cewa bangon falonsa babu komai.

Na ɗauki takardar na tafi wurin maigidana, tsohon da ya koya mini riƙon burushi.

"Baba, duba mini wanda ya fi cancanta."

Ya daɗe yana kallo, yana tambayar aikin kowa. Sannan ya ce: "Ɗana, duk waɗannan masu falo ne da fanka. Kai gidan miji kake nema wa 'yarka. Bayarwa za ka yi, ko ajiya za ka kai?"

Maganar ta yi mini ɗaci don ta same ni. Ashe ina karanta saƙo ina hango bangon mai shi. Kuma da na ce "wanda ta fi shiga raina", na bar ƙofa a buɗe ga Kawu, ga Alhaji, ga son zuciyata. Alƙalin da kayan nasa ne, dokar ma a ƙirjinsa take, wa zai yarda da hukuncinsa?

Na fito na faɗa wa kowa cewa ƙuri'a za a yi. Na rubuta sunaye 47 na zuba a ƙwarya, 'yar maƙwabcina da ba ta fara makaranta ba ta zaro ɗaya, ana ɗaukar bidiyo. Wani mai shayi a tasha ta faɗa wa. Da na koma saƙonsa, murya ce ta Fulatanci da ba ta kai rabin minti ba, ɗaya daga cikin waɗanda na yanke a tsakiya. Cewa ya yi gonar masakwar mahaifinsa a gindin dutsen take, da shi suke gane hanya in dare ya yi musu.

Sauyin bai tafi salin alin ba. Wani ɗalibi ya rubuto cewa da ya san sa'a ce, da bai kwana yana tsara magana ba. Gaskiyarsa, ni na canza doka bayan an fara wasa. Na ba shi haƙuri, na yi masa ƙaramin zane da fensir. Kawu kuwa ya yi sati biyu yana amsa gaisuwata da ka. Gasar da na sake yi bayan Babbar Salla, kafin hoton ma dokoki na fara sawa: ranar rufewa, ƙuri'a a gaban jama'a, babu ɗan gidanmu.

Zanen yana nan rataye da ƙusa a saman teburin shayi, kusa da kurfoti. Hayaƙi ya fara mayar da sararin samaniyar ruwan ƙasa. Ranar da na je na gani, na ce: "Malam, da ka matsar da shi can gefe."

"A'a, maigida, nan ne masu jiran motar Mindif ke ganinsa."

Na buɗe baki zan ƙara magana, sai na tuna da Baba. Na ce ya haɗa mini shayi da madara, da rabin burodi.