Jikin da ke cikin hoton nan sayensa aka yi

Da an sayar da riɗi bukukuwa ke tashi a ƙauyukanmu na tsakanin Ringim da Taura, daga nan kekena ba ya hutawa sai azumi ya kama. Ni tela ce, a cikin gida nake ɗinki, kuma zan iya cewa na san jikin matan garinmu fiye da mazansu, domin ni da tef nake aunawa in rubuta a littafi.

A da amarya kan kawo atamfarta ta ce riga da zani, ko ta nuna ɗinkin ƙawarta. Yanzu waya ake miƙo mini. Hoton wata ce daga TikTok, doguwar riga ta kama ta tsam, ciki a lafe, tsakiya a tsuke, ƙugu da mazaunai sun buɗe. "Anti, irin wannan sak nake so." In na gama ta saka ta tsaya gaban madubi, sai rai ya ɓaci, wai ban iya yanka ba. Yanka lafiyarsa ƙalau. Wata cikin masu hoton nan da waya ta gyara kanta, wata ciko ta yi, irin acuci mazan da ni ma nake haɗawa da soso in an roƙe ni. Wata kuma kuɗi ta ɗauka, miliyoyi, ta tafi Legas ko Abuja ko Turkiyya aka yi mata tiyata.

Ƙanwar maigidana nas ce a wani asibiti a Kano, ita ta zaunar da ni ta warware mini abin da suke kira BBL. Ana huda fata a zura siririn bututun ƙarfe a zuƙe kitsen tumbi da na baya da na gefen ciki, a tace shi, sannan a ɗura shi a mazaunai. Shi ya sa tsakiya ke tsukewa ƙasa ya buɗe lokaci guda, sifar da ban taɓa auna irinta a jikin da Allah ya bari yadda yake ba. Bayan aikin sai mace ta yi makonni ba ta zama sosai, kwanciya rub da ciki, ga wata matsattsiyar riga dare da rana. Wani kaso na kitsen ma jiki ke shanye shi, abin da ya sa wasu ke komawa karo na biyu.

Haɗarin yana cikin tsokar mazaunai, inda manyan jijiyoyin jini suke. In bututun ya nutse har can ya fasa jijiya, kitse ya bi jini ya je ya toshe huhu, mace na iya cikawa tun tana kan gadon tiyata. A 2017 wasu likitocin fannin a Amurka sun ƙiyasta cewa ana rasa kusan mace ɗaya cikin 3,000, wanda ya sa aikin ya fi sauran tiyatar kwalliya kisa. A 2018 ƙungiyar likitocin kwalliya ta Birtaniya ta nemi mambobinta su dakata da shi, sai a 2022 ta sassauta, da sharaɗin kitsen ya tsaya ƙarƙashin fata kuma ana kallo da na'urar hoto. Masu shekaruna kuma ba su manta da Stella Obasanjo ba. Matar shugaban ƙasa mai ci, ta je Sifaniya a rage mata kitse a Oktoban 2005, gawarta aka dawo da ita, kuma a 2009 kotu a can ta kama likitan da laifin sakaci. Wannan fa wadda ba ta rasa kuɗi ko gata ba.

To amma mu nan ba wadda za ta je Turkiyya. Hoton ne kawai ke iso mu, sai yara su bi shi da abin da aljihunsu zai iya, kuma nan ne abin ya fi ci mini rai. Ranar Lahadi a shiga kasuwar Gujungu, ko a aiki yaro kyamis, a sayo sha-ka-fashe. Galibi ƙwayoyi biyu ne ke ciki. Ɗaya maganin ƙaiƙayi da mura ne mai buɗe ciki da sa barci. Ɗayan, dekza, magani ne mai ƙarfi da likita ke bayarwa da lissafi ga mai asma ko kumburi. In yarinya ta ɗauki wata biyu tana sha, ni ce ta farko da ke ganewa, tun kafin uwarta. Wuyan riga ya matse, fuska ta yi fam, tumbi ya fito, wani tudu ya taso a ƙeya, fata ta fara tsagewa da nankarwa, amma awon cinya da mazaunai yana nan ko ma ya ragu, domin maganin cinye tsokar wurin yake yi. An je neman ƙiba an samo rama, a daidai inda ake son ƙibar. Ga shi yana tayar da suga da hawan jini, yana raunana ƙashi. Kuma wadda ta daɗe a kansa ba a ce mata ta yar da shi yau, jiki ya riga ya daina haɗa nasa sinadarin, yanke shi kwatsam na iya kayar da ita. A asibiti ake rage shi kaɗan-kaɗan. Masu allurar ƙarin mazaunai a ɗaki kuwa, waɗanda ake cewa suna zuwa daga birni da jaka, ko sunan abin da ke cikin sirinjin ba sa faɗa.

Ban ga laifin sabaya da kunun alkama da hulba ba, abinci ne, amarya ta sha ta murmure. Iyayenmu ma sun yi gyaran jiki. Abin da ba na so shi ne ƙaryar da ake ɗorawa a kai, musamman kan mama. Ba man shafawar da ke tayar da maman da ya kwanta. Babu tsoka a cikinsa, fata ce da wasu zaruruwa ke riƙe da shi, in sun saki sun saki. Kuma goyon ciki da shekaru da hawa da saukar ƙiba ne ke kwantar da shi, ba tsotson jariri ba. Amma na ga mai jego ta yaye ɗa yana wata bakwai wai kada ta zube, alhali Alƙur'ani shekara biyu cikakku ya ambata. Da na yi mata faɗa sai ta ce, "Anti, ke ba ki ga abin da yake kallo a wayarsa ba." Ban sami amsa ba. Yawancin matan nan ba iyayi ke damunsu ba, tsoron kishiya ne, kuma mazan da ke zagin masu tiyata a majalisa su ne ke kwana kallonsu.

Su kansu masu kuɗin ba hutawa suke ba. Jakar silikon da ake sakawa a ƙirji, wadda aka fara a Amurka a 1962, ba ta zama har abada. Tana iya fashewa, naman da ke kewaye da ita na iya taurara ya yi ciwo, sai an sake yanka. A 2010 aka gano wani kamfanin Faransa, PIP, yana cika nasa da silikon na masana'antu, bayan an riga an saka wa dubban ɗaruruwan mata. Tiyatar ɗaga mama kuma tana barin tabo kewaye da kan nono zuwa ƙasa, sannan in aka sake ciki yana iya komawa gidan jiya. A garin da mace ke haihuwa shida, bakwai, sai a yi lissafi.

Malamar Islamiyyarmu ta raba mana abin gida biyu. Akwai canza halittar Allah don ƙawa kawai, wanda aya ta 119 a Suratun Nisa'i ta danganta da umarnin Shaiɗan. Akwai kuma gyaran abin da ya lalace, ta kawo Sahabi Arfaja da aka sare wa hanci a yaƙi, ya sa na azurfa ya yi wari, Annabi (SAW) ya umarce shi ya sa na zinare. Gida na biyun ne muka fi buƙata, shi kuma muka fi gudu. Nan kusa da mu a Jahun ana ɗinke masu yoyon fitsari kyauta. A Sakkwato akwai asibitin da ke gyara fuskar yaran da ciwon noma, mai zaizaye baki da kunci, ya cinye. A Asibitin Malam Aminu Kano akwai likitocin da ke rage maman da ya yi nauyi fiye da kima, su kuma sake gina wanda aka cire saboda daji.

Akwai wata gwaggo da nake wa ɗinki, ƙirjinta ya yi girman da igiyar rigar mama ta yi mata rami a kafaɗu, ƙasan kullum a gwaguye da zafi, baya na ciwo, ko ruku'u da ƙyar. Shekara da shekaru tana ɗauka ƙaddara ce ba magani. Da ta ji ana ragewa, abin da ta fara tambaya shi ne ko za a ce ta canza halitta. Wata kuma wajen awo na ji dunƙule mai tauri a gefen mamanta na hagu, na ce, "Yaya, wannan fa?" Ta ce ya kai shekara, ba ya ciwo, kuma ba za ta je a yanke mata nono ba. Rashin ciwon ne ya fi tayar mini da hankali, domin dajin mama sau da yawa haka yake farawa, shiru. Sai da na bi ta wajen babbar 'yarta kafin ta yarda a kai ta Dutse. An ɗebi nama an tura gwaji, an ce su dawo bayan sati uku, maigidan kuma ya ce sai ya sayar da ragowar zoɓonsa.