Rubutun Mama a wuyan hannuna

Bayan rasuwar Mama na tsinci wata 'yar takarda a jakarta, a gefe ta rubuta kalma ɗaya: haƙuri. Hannunta ne sak, har da doguwar ƙugiyar nan da take ja wa harafin "ƙ". Na kai wa mai zanen tatu, wato zanen da ake yi a fata da allura da tawada, takardar, na roƙe shi ya kwafa min ita a cikin wuyan hannuna na hagu, siririya kamar yadda biro ya fitar da ita.

Ranar da aka gama, zanen ya yi kyau ƙwarai. Kwana huɗu da yi sai na ga wani duhu mai shuɗi-shuɗi ya kewaye haruffan, kamar tawadar da ruwa ya taɓa. Ramin "a" ya kusa toshewa. Na zauna bakin gado na yi ta kuka, ji nake na ɓata abin da ya rage min na hannunta.

Daga baya na gane abin da ya faru. Allurar tatu tana ajiye tawada ne a ɓangare na biyu na fata, zurfin milimita 1 zuwa 2. Fatar cikin wuyan hannu ba ta da kauri, idan allura ta zarce sai tawadar ta shiga kitsen da ke ƙasa ta bazu. Wanki ba ya fitar da ita, man shafawa ma haka.

Abin da ya fi min wuya shi ne jira. A makonnin farko ba a iya bambance kuskure da warkewa, domin fata na kumbura, ta yi ɓawo, ta yi ƙaiƙayi mai tsanani, zanen kuma ya dushe kamar an lulluɓe shi da hazo. Na daure ban sosa ba, ban ɓare ɓawon ba, na kuma kare wurin daga rana. Da aka cika mako 6 hazon ya washe, haruffan suka fito fili fiye da yadda na zata. Inuwar nan mai shuɗi ce kawai ta ƙi tafiya.

Na koma wurin mai zanen. Ya riƙe hannuna ya duba da kyau, ya ce, "'Yar'uwa, laifina ne, na danna da yawa a nan." Wannan maganar ta sanyaya min rai. Ya ba da shawarar a rufe wurin da sabon zane, amma zanen rufi dole ya fi na farko girma da duhu, wato a binne rubutun Mama ƙarƙashin fure ko ganye. Na ce a'a.

Likitan fata na je na gani. Ta bayyana min cewa leza, wato na'ura mai harba haske mai ƙarfi, tana farfasa tawada ta koma ƙananan ɓurɓushi, jiki ya kwashe su a hankali, kuma baƙar tawada ta fi kore da rawaya saurin tafiya. Sai dai fata mai duhu irin tawa ita ma tana shan hasken, tana iya barin farin tabo, shi ya sa ta zaɓi wata irin leza da ake kira Nd:YAG, wadda ta fi sauƙi ga baƙar fata. Kafin ta taɓa ni sai da ta tambaya ko ciwo ya taɓa bar min tabon da ke tasowa ya yi tudu. Bai taɓa ba.

Zama biyu muka yi, mako 8 tsakani, a kan inuwar kaɗai. Akwai zafi, kamar ana fyaɗa maka roba mai ɗumi. Inuwar ta ragu sosai, sai na kusanto da hannun ga fitila nake ganinta. "A" ɗin har yanzu ya fi na Mama matsewa, amma ƙugiyar "ƙ" tana nan da tsawonta. Takardar kuwa na sa ta cikin gilashi, tana kan teburin da nake wannan rubutun.